Sakan Huɗu a Saƙon Habboba

Hillar Mato, kusa da Suki
12 ga Maris, 2009

Zuwa ga yayana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya a Jidda kamar yadda muke a nan. Yaya ɗinki, yaya ciwon bayan nan da keke ya sa maka? Inna tana gaishe ka, ta ce turaren ya iso. Kakarmu Habboba Mero tana nan da ƙarfinta, sai dai ido ya yi rauni.

Na san abin da kake fara nema a kowace wasiƙata, don haka bari in faɗe shi in huta. A'a, ba ta kira sunanka ba. Shekara tara ke nan tun da ka ɗauki Alƙur'anin mahaifinta da gafakarsa, wanda ya ratayo yana tafe a ƙafa tun daga Sakkwato, ka sayar a Umdurman ka shiga jirgin ruwa, har yau “mutumin Jidda” take ce maka. Kai kuma ka rantse ba za ka tako garin nan ba sai ta yafe maka da bakinta. Ku biyun taurin kanku ɗaya ne, ni ce dai nake shan wahalar kai-kawo.

Ba wai na fi ku ba ne. Ni ma faɗa nake yi da wani mutum da ban taɓa gani ba. Ka san bayan koyar da kwamfuta da nake yi a Suki, ina cikin masu rubuta wani tsarin kwamfuta na kyauta, mutane ne daga ko'ina a duniya, muna haɗuwa ta intanet. Sashen da nake taɓawa shi ne mai kula da ajiya, wanda ya san inda kowane fayil yake kwance a kan faifai, guntu-guntu. Ni abin da ya dame ni shi ne kahraba, wutar lantarkin nan tamu. In ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, me zai saura a faifan? Su can wannan hasashe ne a wurinsu, mu kuwa a nan sau huɗu a wuni ne.

Sai na ƙera wani maɓallin gwaji. In an kunna shi, a cikin kowane rubutu hamsin kwamfutar za ta tsallake ɗaya, ta yi ƙaryar ta rubuta alhali ba ta rubuta ba, don a ga ko tsarin zai gane ɓarnar. Kowa ya yaba. Inda aka sami saɓani shi ne ina za a ajiye maɓallin. Ni na ce a sa shi cikin takardar saiti, wadda kwamfuta take karantawa duk lokacin da ta tashi, ka rubuta layi ɗaya shi ke nan. Dattijon da ke kula da sashen, mutumin wata ƙasa mai ƙanƙara, ya ce sam. Na sa masa suna Gafir, wato mai gadi, don halinsa ɗaya da mai gadin ƙofar ruwan tur'armu ta ban-ruwa, wanda ba ya barin makulli a jikin ƙofa. Ya ce kayan gwaji wurinsu daban ne, wani lungu da suke kira debugfs, inda sai mai cikakken iko yake shiga, kuma duk abin da ka kunna a can yana mutuwa da zarar an kashe kwamfutar. Dalilinsa wai abin da aka ƙera don ɓarna bai kamata ya iya kwana a kunne ba, domin mutum yana mantuwa.

Na rubuta masa amsa mai zafi. Na ce ya zo Hillar Mato ya zauna yana sake kunna maɓalli sau huɗu a wuni, sannan ya ba ni labarin mantuwa. Ya amsa da ladabi, bai kuma canza ra'ayi ba. To, su yi nasu. Ni a tawa kwamfutar na yi yadda nake so, na rubuta layina a takardar saiti, a kan faifai na biyu da na ware don gwaji, kuma aiki yana tafiya lafiya lau.

Wani abin da zai faranta maka rai, na fara ɗaukar muryar Habboba. Da hantsi nakan kai kwamfutar gefen angarib ɗinta, gadon igiyar nan, tana kurɓar gahawar jabana tana ba da labarin hanyar da mahaifinta ya biyo. Tana ce wa na'urar “kaset marar baki”.

Ka gaida Alhaji Gambo in kun haɗu. Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa,
Sawsan Salih


Hillar Mato
26 ga Satumba, 2009

Zuwa ga yayana Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da yi maka barka da salla, ina ƙara yi mana ta'aziyya. Yaya ƙarin haƙuri? An ce da aka faɗa maka a waya ka rufe shago kwana uku. Allah ya jiƙan Habboba, ya sa ta huta. Ba ta sha wahala ba, zazzaɓin kwana biyu ne, ta cika da azahar Inna tana riƙe da hannunta.

Akwai abin da ban iya faɗa a waya ba, shagon wayar cike yake da mutane. Yaya, ta bar maka saƙo. Wata biyu kafin rasuwarta ta ce in kawo kaset marar baki, tana da magana da mutumin Jidda. Ka san yadda ake yi a gidanmu tun zamanin kaset: mai danna maɓalli ya danna ya fita, saƙon mutum amana ne, kunnen mai shi kaɗai zai ji. Na danna, na fita, na ja ƙofa, na zauna a gindin dalbejiya har ta kira ni. Minti goma sha ɗaya ta yi. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan saurara ba, kuma ba zan aika ba sai bayan ranta. Washegari na kwafa shi a faifan CD har uku, ina jin kaina kamar wata gwana. Ban saurara ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar sadakar arba'in, da la'asar, mata sun cika tsakar gida, Inna ta ce in sa musu muryar Habboba su ji. Na sa labarin da take bayarwa na rijiyar Wadai, inda ayarin mahaifinta suka binne mutum bakwai. Tana tsakiyar magana, sai muryarta ta yanke, muryar namiji ta shigo, ƙarara, tana cewa a ba jakin nan ruwa kafin rana ta yi zafi. Baba ne, Yaya. Babanmu da muka binne shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Bai fi numfashi biyu ba, sai Habboba ta dawo ta ci gaba da labarinta kamar ba a yi komai ba.

Kofin da ke hannun Inna ya faɗi. Gwaggo Sabuwa ta rufe fuska tana cewa uwa ta riski ɗanta, ga su can suna hira. Wasu suka fita ba takalmi. Ni da na yi karatun abin, na fi kowa firgita, domin tun kafin muryar ta gama na san daga ina ta fito.

Maɓallina ne. Na gama gwaje-gwajena tun watan Afrilu, na manta da layin nan yana nan a takardar saiti. Da babban faifai ya cika, sai na koma ajiye muryar Habboba a kan na biyun. Kullum kahraba ta ɗauke ta dawo, kwamfutar ta tashi ta karanta layina, ta ci gaba da tsallake rubutu ɗaya cikin hamsin, ba ta ce uffan ba. Inda ta tsallake, abin da ke kwance a wurin tun da can shi yake zama. Abin da ke kwance kuwa tsofaffin kasetocin gidanmu ne, waɗanda na taɓa juyewa a faifan nan bara, na kwashe, na goge. Ashe gogewa ba ta share murya, suna kawai take cirewa. Wannan guntun daga kaset ɗin da Baba ya aiko daga Gadarif ne lokacin yankan riɗi. Ban gane da wuri ba saboda in ka saurari abu nan take bayan ɗauka, kwamfutar daga ƙwaƙwalwarta take karanto maka, lafiya ƙalau. Sai an kashe an kunna ɓarnar take fitowa.

Na yi wa matan bayani, babu wadda ta yarda. Har yau Inna ba ta shiga ɗakin da kwamfutar take ita kaɗai.

Ka riga ka gane inda na dosa. Saƙonka a kan faifan nan na ɗauka, a daidai wannan lokacin. Kwafi ukun duk daga gare shi suke. Ban buɗe ba, kuma ina jin tsoro. Ka taya ni da addu'a.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Sawsan


Hillar Mato
3 ga Nuwamba, 2009

Zuwa ga yayana Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, an fara girbin dawa, Inna ta ɗan yi tari amma da sauƙi.

Wasiƙarka ta iso, na ga duk tambayoyinka. Ka kwantar da hankalinka. Na duba saƙon da na'ura, ba da kunne ba, kuma Allah ya kiyaye, ɓarnar ba ta taɓa shi ba. Ga shi nan na naɗe a ƙyalle na ba ɗan Gwaggo Sabuwa, Abdulmuttalib, da zai zo aikin hajji, zai damƙa maka hannu da hannu. Ka saurara kai kaɗai kamar yadda ta so.

Ka yi haƙuri da gajartar wasiƙar, kwanakin nan ba na jin daɗin rubutu. Ba ciwo ba ne.

Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa,
Sawsan


Hillar Mato
9 ga Janairu, 2010

Zuwa ga yayana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna lafiyarta ƙalau, tun da ta ji za ka zo ta sa an yi wa ɗakinka sabon yaɓe, kullum sai ta tambaye ni saura kwana nawa. Abdulmuttalib ya dawo ya ba mu labari, ya ce ka shiga da faifan ka rufe ƙofa, ka fito idanunka jawur kana dariya, ka yanka rago ka raba wa maƙwabta. Wasiƙarka kuma na karanta ta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Ka ce shekara tara ba ka yi numfashi irin na ranar ba.

Yaya, ka zauna kafin ka ci gaba. Na yi maka ƙarya, na kuma ci amanar Habboba, duka biyun a kan saƙon nan.

Babu wata na'ura da za ta iya gaya mini ko saƙon ya lalace. Sai kunne. Na yi sati uku ina kewaya faifan nan, ranar wata Talata da rana tsaka, Inna ta tafi gona, na sa shi. Na ce a raina zan ji farkon kawai. Na ji duka.

Wuri uku ya tsallake. Biyu ba su da nauyi, ɗaya a cikin gaisuwa, ɗaya a inda take lissafa maka waɗanda suka mutu bayan tafiyarka. Na ukun shi ne. Ka tuna inda ta kira sunanka, karo na farko a shekara tara, ta ce, “Aminu, zancen Alƙur'anin ubana, ga abin da ni ka hwaɗa ma.” Daga nan muryarta ta ɓace. Abin da ya shigo a madadinta kai ne. Muryarka ce ta yarinta, daga kaset na farko da ka aiko daga Jidda, wanda ta ƙi saurara, kana dariya kana ba mu labarin yadda teku ya sa ka amai tun daga Sawakin. Sakan huɗu. Sannan ta dawo tana cewa, “To ka jiya. Sau guda ni ka hwaɗin ta, ba ni maimaitawa.”

Na saurari wurin nan ya fi sau ɗari. Na bi faifan guntu-guntu ko Allah ya sa maganar ta faɗa wani lungu. Babu. Ba gogewa aka yi ba balle a tono, ba a taɓa rubuta ta ba. Ta fito daga bakinta, ta shiga na'urar, na'urar ta zubar da ita saboda ni na umarce ta. Kuma Habboba ta yi wata biyu cur a raye bayan haka, ina kai mata jabana kullum. Da na karya alkawari tun a lokacin, da sai ta zage ni ta sake faɗa. Riƙon amanar da nake taƙama da shi ne ya rufe mini ido, sai da ba ta nan na zo na karya shi a banza.

Yanzu abin da ka ji. Wata rana ina ɗaukar labarinta, maƙwabcinmu Malam Sambo ya shigo ba da haƙuri, akuyarsa ta cinye kuɓewar da Habboba ta shanya a kan tabarma. Ta ja masa rai kaɗan, sannan ta ce, “Tahi, na yahe ma, duniya da lahira.” Na'urar tana kunne. Wannan na yanko, na cire dariyarka, na dasa shi a gurbin. Ya zauna daram, har numfashinta ya dace. Na gyara sauran wurare biyun, na naɗe a ƙyalle na ba Abdulmuttalib. Yafiyar da ka yanka wa rago, ta Malam Sambo ce, a kan kuɓewa.

Na ce wa kaina ai abin da ta faɗa ke nan, me kuma tsohuwa za ta kira jikanta ta faɗa masa a ƙarshen rayuwa? Amma ni da kai mun san Habboba. Matar da ta yi shekara tara ba ta furta sunan mutum ba tana iya kiransa don ta yafe, tana kuma iya kiransa don ta ce su haɗu gaban Allah. Muryarta kafin wurin da bayansa ba ta nuna komai ba. Ba kuka, ba fushi, yadda take magana in tana auna hatsi.

Tun ranar ban sami natsuwa ba. Da rana tsaka in gari ya yi shiru, sai in ji kamar angarib ɗinta ya motsa, irin motsin da yake yi in za ta tashi alwala. Na san iska ce da busasshiyar igiya. Malam Sambo in ya gaishe ni a hanya sai in rasa inda zan sa idona. Na sa magana a bakin mamaciya, Yaya, ita kuma ba ta da halin cewa ba haka ta ce ba. Wannan ya fi ɓatan saƙon ci mini rai.

Na rubuta wa Gafir. Ban ba shi labarin duka ba, na ce dai na bar maɓallin a takardar saiti, na manta, na rasa abin da ba ya dawowa, kuma na janye duk abin da na faɗa. Na aika musu gyaran da ya mai da shi lungun da ya ce tun farko, inda ɗaukewar kahraba ɗaya ta isa ta kashe shi. Ka ga abin haushin, kahrabar da nake zagi, da na bi maganarsa, ita ce za ta cece ni tun ranar farko. Ya amsa da layi biyu, ya karɓi gyaran, ya ce ya yi baƙin cikin abin da na rasa. Bai ce ai ya gaya mini ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.

Ga faifai na gaskiya nan tare da wannan wasiƙa, yadda yake, da ramukansa uku. Naka ne, tun farko ba ni da ikon taɓa shi. Ban gaya wa Inna komai ba tukuna, ina jiran in ji daga gare ka.

Na san tikitinka yana hannunka, na kuma san rantsuwar da ka yi. Na yi tunanin in yi shiru har ka iso, ka rungumi Inna, ka je kabarin, sannan in faɗa ko in mutu da shi. Na kasa barin ka ka tsaya a kan kabarinta kana yi mata godiyar abin da ban san ta ba ka ba. In ka fasa zuwa, ni na jawo, ni zan tsaya gaban Inna in faɗa mata dalili. In kuma ka zo, to ka zo da sanin cewa babu wani mai rai da zai iya gaya maka abin da ta ce. Ta amsa maka, Yaya. Sau ɗaya ta faɗa, ni na zubar.

Ba zan ce ka yafe mini ba, na riga na ga abin da kalmar take ci kafin a same ta. Ka dai rubuto, ko layi ɗaya ne, in san ko in bar Inna ta ci gaba da ƙirga kwanaki.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Sawsan Salih